Tsara Yankin Farko a Wasan Kwaikwayo na Kan Tebur

Gabatarwa

Masu nazarin adabi sun saba da bin diddigin jigo da zubi da salo da taurari, amma ba kasafai akan tsaya a kan wurin da labari ya auku ba, sai dai a ambace shi a wuce. Dalilin haka a fili yake. A ƙagaggen labari marubuci ne ke riƙe da akalar tauraronsa, duk inda ya ja shi nan zai bi, saboda haka ba ya bukatar sanin abin da ke bayan dutsen da bai yi niyyar kai shi ba. To, akwai wani nau'in ba da labari da ya ɓullo a Amurka a shekarun 1970, wanda a cikinsa wannan sauƙi ba ya samuwa, domin taurarin ba a hannun mai ba da labarin suke ba. Shi ne wasan kwaikwayo na kan tebur.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake tsara yankin farko a irin wannan wasa, watau ɗan yankin ƙasar da 'yan wasa ke fara buɗe ido a cikinsa. Za a dogara ne a kan wasu yankuna da aka riga aka buga, galibinsu na wasan Dungeons & Dragons. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa kuwa shi ne, ba a auna kyan yankin farko da faɗinsa ko tsawon tarihin da aka ƙaga masa, sai da yawan shawarar da yake tilasta wa 'yan wasa su yanke.

Yadda wasan yake

Mutum huɗu ko biyar ko shida ne kan zauna su kewaye tebur. Ɗaya daga cikinsu shi ne jagora, sauran kuwa kowa ya ɗauki tauraro guda, mayaƙi ko matsafi ko ɓarawo ko mai magani, a rubuta ƙarfinsa da wayonsa da kayan da yake ɗauke da su a takarda. Jagora ya faɗi inda suke da abin da idonsu ke gani, su kuma su faɗi abin da za su yi. In abin da suka nufa yana da haɗari, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, sai dai wata tana da fuska har 20, abin da ta nuna shi ne hukunci. Zama ɗaya yakan ɗauki sa'a uku ko huɗu, a tashi, mako mai zuwa a ɗora daga inda aka tsaya, a yi ta yi har watanni ko shekaru.

Wanda ya san tatsuniya zai fi saurin gane bambancin. Idan mai tatsuniya ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," yara suka amsa, to daga nan nasu saurare ne, Gizo zai shiga gonar da ya saba shiga, a kama shi inda aka saba kama shi. A ɗauka wani yaro ya ce shi ne Gizo, kuma yau ba zai shiga gonar ba, kasuwa za shi. Dole mai tatsuniya ta san akwai kasuwa, ta san wanda ke cikinta da abin da za a iya sata a can. Wannan shi ne halin da jagora yake ciki a kowane zama.

Tushen wasan yana cikin wasannin koyon dabarun yaƙi da hafsoshin Jamusawa suka yi amfani da su tun 1824, inda ake da alƙali mai yanke abin da ya faru tsakanin rundunoni biyu a kan taswira. A 1971 Dave Arneson, wani saurayi a jihar Minesota, ya fara gudanar da wasa inda kowane ɗan wasa ke riƙe da mutum ɗaya maimakon runduna, a wani wuri da ya ƙaga mai suna Blackmoor. Shi da Gary Gygax na garin Lake Geneva a jihar Wiskonsin suka fitar da dokokin a 1974, a ƙananan littattafai uku cikin kwali, kwafi 1,000 a bugun farko. Abin lura a nan shi ne, Blackmoor ɗin da komai ya faro daga gare shi bai wuce gidan sarauta guda da ɗan garin da ke gindinsa da ramukan da ke ƙarƙashinsa ba.

Jarabar fara wa daga duniya

Kusan duk sabon jagora da ciwo ɗaya yake kamuwa. Yakan ɗauko babbar takarda ya zana nahiya, ya jera masarautu, ya ƙaga sunayen sarakuna har kaka da kakanni, ya rubuta yaƙe-yaƙen shekara dubu. Yana koyi ne da J. R. R. Tolkien, wanda ya shafe shekaru da dama yana gina harsuna da tarihin duniyarsa. Amma yakan manta cewa shi kansa Tolkien, da ya zo ba da labari a littafinsa na 1937, daga ƙofar gida ɗaya a wata karkara ya fara. Ranar da 'yan wasa suka zauna, ba wanda zai tambayi sunan sarkin da ya mutu shekara 800 da suka wuce. Abin da za su tambaya shi ne ina za a kwana, nawa ake sayar da igiya, wa ke da aikin da zai biya, wace hanya ce ta nufi tsaunin can. Sai jagora ya tarar yana da nahiya amma ba shi da maƙeri.

Gygax ya hango wannan tun da wuri. A wata maƙala da ya rubuta a ƙaramar mujallar Europa a 1975, ya jera matakan da jagora zai bi, ya sa karkarar da ke kusa da wurin kasada da gari mafi kusa a gaba, ya bar zana duniya baki ɗaya a matakin ƙarshe. Littafin jagora na bugu na biyar, wanda ya fito a 2014, shi ma shawarar da ya bayar ke nan, a fara da mazauni guda da kewayensa.

Ana iya auna girman da ya dace da ƙafa. Dokokin bugu na biyar sun ƙiyasta cewa ayari mai tafiya a ƙasa yana cin mil 24 a yini. Masu zana taswirar wasa sukan raba ta gida-gida masu kusurwa shida, kamar saƙar zuma, domin lissafin tafiya ya zo daidai ta kowace fuska. Da yawa sun fi son gida mai faɗin mil 6, kuma suna da hujja: mutumin da ke tsaye a fili ba ya hango abin da ya wuce kimanin mil 3 kafin ƙasa ta haɗu da sama, ke nan wanda ke tsakiyar gida yana ganin iyakarsa. Gida huɗu su ne tafiyar yini. Idan aka sa gari a gida na tsakiya, gidaje 6 ne ke kewaye da shi, zagaye na biyu ya kai jimla 19, na uku 37. Jagoran da ya san abin da ke cikin gidaje 19 ya tanadi abin da zai ishe shi watanni. A gwada wannan da taswirar Greyhawk da aka buga a 1980, wadda kowane gida nata mil 30 ne. Ƙauye da gonakinsa da kangon da ke kusa da shi duk za su shige gida ɗaya su ɓace. Irin wannan taswira ta rataya ce a bango, ba ta zaman farko ba ce.

Sansanin bakin iyaka

Babu misalin da ya fi cancanta a daɗe a kansa kamar ɗan littafin da Gygax ya rubuta a 1979 mai suna The Keep on the Borderlands. Shekaru da dama ana saka shi cikin kwalin masu koyo, saboda haka dubban mutane ta ƙofarsa suka shiga wasan, kuma an sake waiwayarsa a 1999 da 2025. Abubuwa uku ne kawai a cikinsa: sansani, da daji, da kwazazzabo.

Sansanin yana kan tudu a ƙarshen ƙasar da ke da doka, yana tsaron hanya. Wanda ya karanta tarihin Daular Sakkwato zai tuna da ribaɗi irin na Wurno da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a ciki, gari mai ganuwa da aka kafa don ya tare baki. A ƙofa masu gadi kan tambayi baƙo sunansa da abin da ya kawo shi, wannan kuwa dabara ce, domin ita ce ke sa kowane ɗan wasa ya fara magana da bakin tauraronsa. A ciki akwai masauki, da mashaya, da maƙera, da mai sayar da guzuri, da wurin ajiyar kuɗi da ba da rance, da ɗakin ibada. Idan aka duba da kyau, kowane gini amsa ce ga wata bukata da za ta taso in an dawo daga kasada: inda za a yi jinya, inda za a sayar da ganima, inda za a gyara sulke, inda za a ji labari. Ba a gina ko ɗaki ɗaya don ado ba. Wani abin mamaki kuma, Gygax bai raɗa wa kowa suna a sansanin ba, sai dai a ce shugaban sansani, ko maƙeri, ko mai masauki. Wasu na ganin wannan kasala ce, amma ya bar wa kowane jagora damar mayar da wurin nasa.

Kwazazzabon kuwa shi ne zuciyar aikin. Kogunan dutse ne, watau ramuka, a jere a bangonsa biyu, an yi musu alama da haruffa daga A zuwa K, kowane da ƙabilar dodannin da ke zaune a ciki. Hikimar tana wajen jerin. Ramukan da ke ƙasa kusa da bakin kwazazzabo na ƙananan dodanni ne marasa ƙarfi, waɗanda ke sama da can ƙurya kuwa na masu haɗari ne, har a kai ga ɗakin tsafin da ke bayan komai. Ɗan wasa da ya tsaya a baki yana ganin ƙofofi da yawa a lokaci guda, ba wanda zai ce masa ga wadda zai shiga. Ƙasar da kanta ce ke yi masa gargaɗi, in ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Sa'an nan mazauna ramukan ba tsintsiya ɗaya ba ce. Akwai gaba a tsakaninsu, wasu na ƙawance da wasu, kuma akwai wani basamude da ke zaune shi kaɗai, wanda ke yi wa duk wanda ya biya shi faɗa. Ƙananan dodannin da ke maƙwabtaka da shi sun tanadi jakar zinariya da za su jefa masa in an matsa musu. To, tun da kuɗi yake bi, 'yan wasa ma suna iya sayensa. Da wannan abu guda kawai aka buɗe hanyar da ba ta takobi ba, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Littafin ya kuma umurci jagora da ya sa dodannin su riƙa koyon darasi, in an ci su da wata dabara yau, gobe a tarar sun shirya mata, ramin da aka share kuma in aka bar shi wasu su tare a ciki. Wuri ne mai motsi ko 'yan wasa suna nan ko ba sa nan.

Dajin da ke tsakanin sansani da kwazazzabo bai sami kulawa sosai ba, abubuwa huɗu ne kacal aka zuba a ciki: masu siffar ƙadangare a fadama, da gizo-gizo masu dafi, da sansanin 'yan fashi, da wani mahaukaci mai zaman kaɗaici. Nan ne raunin littafin, domin ba a ɗaure waɗannan da sauran labarin da kyau ba. Amma akwai wani rami da aka sa a taswira aka ba shi suna, aka ce jagora ya cika shi da abin da ya ga dama. Barin gurbi da gangan yana cikin aikin, domin abin da 'yan wasa za su nuna sha'awa a kai ba a saninsa sai an fara, kuma jagoran da ya cike ko'ina tun farko ba shi da inda zai sa abin da wasan ya haifar.

Mutanen gari

A shekarar nan ta 1979 Gygax ya fitar da wani littafin, The Village of Hommlet, wanda ya bi hanyar da ta saɓa wa ta farko. A nan ƙauyen ne ya ci yawancin shafuka. An lambata gidaje ɗaya bayan ɗaya, an faɗi mai gidan da sana'arsa da iyalinsa da addinin da yake bi, har da inda ya binne ɗan abin da ya tara. Wannan na ƙarshe ya yi yawa, kuma sau da yawa abin da yake jawowa shi ne 'yan wasa su koma ɓarayin mutanen da suka zo taimako. Duk da haka akwai darasi babba a ƙauyen.

Hommlet yana kan mararraba, kuma kimanin shekara goma kafin buɗewar labari an rushe wani gidan tsafi da ya addabi yankin. A ido komai lafiya, amma ruwa ba ya tsami banza. Mutanen ƙauyen sun rabu biyu wajen ibada, masu bin tsohon addinin kurmi da masu bin sabon ɗakin ibada. Wasu tsofaffin 'yan kasada biyu suna gina hasumiya a gefen gari. 'Yan kasuwa biyu da ke sayar wa baƙi kayan tafiya kuwa 'yan leƙen asirin gidan tsafin ne, duk wanda ya sayi igiya da fitila a wurinsu ya riga ya sanar da abokan gaba inda ya dosa. A sansanin bakin iyaka ma akwai irin wannan, wani malamin ibada mai fara'a da son raka baƙi, wanda sai an shiga rami ana tsakiyar faɗa yake juya musu baya. Abin da waɗannan ke koyarwa shi ne, mazauni yana bukatar ya zama wurin hutawa, amma in ya zama babu abin da ke tafasa a cikinsa, sai ya koma kanti kawai, a shiga a yi sayayya a fita.

Bai kamata a ɗauka sai an rubuta tarihin kowane mutum ba. Mutum shida ko bakwai sun isa, muddin an san abu uku game da kowane: abin da yake so, da abin da yake tsoro, da wanda yake ƙi. Idan mai masauki yana bin maƙeri bashi, maƙeri kuma ɗansa ya bi 'yan fashi, shugaban gari kuma yana karɓar rabo daga 'yan fashin, to labari ya riga ya ƙullu ba tare da jagora ya rubuta zubi ba. Duk zaren da 'yan wasa suka ja, sauran za su motsa.

Wani abu da ya faru da Hommlet ya isa hujja. An yi alkawarin littafi na biyu mai ɗauke da babban gidan tsafin, amma bai fito ba sai 1985. Shekara shida mutane suna wasa da ƙauye guda da kango guda mai kewaye da gwalalo, suna ƙara nasu a kai.

Baƙo da ɗan gari

Akwai wata matsala da marubucin littafi ba ya fuskanta. Tauraron da aka haifa a yanki ya san sarkinsa da al'adunsa da hanyoyinsa, amma mutumin da ke riƙe da shi a tebur bai san ko ɗaya ba. In jagora ya ce zai karanta musu shafi goma kafin a fara, barci za su yi. M. A. R. Barker, malamin harsuna a Jami'ar Minesota, ya gamu da wannan fiye da kowa, domin duniyar da ya ƙaga mai suna Tekumel tana da harsunanta da addinanta da ladubbanta masu wuyar sha'ani. Maganin da ya samo a wasansa na 1975, Empire of the Petal Throne, shi ne ya sa 'yan wasa su fara a matsayin baƙi da suka sauka daga kwalekwale a tashar birnin Jakalla, ba su da dangi ba su da ubangida, an tsare su a unguwar baƙi har sai wani ya ɗauke su aiki. Jahilcin tauraro ya zo daidai da na mai riƙe da shi, su biyun suna koyo tare. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, kuma da ɗan gari akan ci gari. Barker ya mayar da wannan makanta ta zama abin wasan kanta.

Wannan ne ya sa yawancin yankunan farko suke bakin iyaka ko mararraba ko tashar jirgi, wuraren da ganin baƙo ba abin mamaki ba ne. Labarin yankin kuma ba a ba da shi dunƙule, sai a gutsuttsura shi a bakin mutane. A littafin sansanin akwai jerin jita-jita guda 20, kowane ɗan wasa ya jefa ƙwaya ya sami ɗaya, kuma da gangan aka sa wasu na ƙarya. Wadda ta fi shahara ita ce mai cewa wani ihu da ƙananan dodanni ke yi ma'anarsa sun miƙa wuya, alhali kiran 'yan'uwansu suke yi. Jita-jitar ƙarya tana da amfani biyu. Tana koya wa ɗan wasa cewa gani ya kori ji, tana kuma sa ya fara auna wanda ya gaya masa magana, watau ya fara ɗaukar mutanen garin a matsayin mutane.

Hanya ɗaya ko hanyoyi

Masu tsarawa sun rabu a kan yawan 'yancin da za a bayar a zaman farko. Littafin masu koyo na 2014, Lost Mine of Phandelver, ya fara da hanya ɗaya: an ɗauki 'yan wasa aikin rakiyar keken kaya zuwa garin Phandalin, a hanya aka yi musu kwanton ɓauna, suka tarar an sace wanda ya ɗauke su aikin. Sai bayan sun isa garin, sun tarar da 'yan daba sun hana kowa sakat, sa'an nan ƙasar ta buɗe, ayyuka suka fito ta ko'ina. A ɗaya gefen akwai tsarin da Ben Robbins ya bayyana a 2007 mai suna West Marches, inda babu zubi ko kaɗan. Gari lafiya lau yake, kasada duk tana daji, haɗari yana ƙaruwa gwargwadon nisa, 'yan wasa ne da kansu ke shawarar inda za su da ranar da za su, su kuma zana taswirarsu da hannunsu.

Na Robbins ya fi dacewa da waɗanda suka goge. Ga sababbi kuwa, a ajiye su a tsakiyar kasuwa a ce su yi abin da suka ga dama, daidai yake da a ba su kome ba, sai su yi ta kallon juna. Na Phandelver ya fi tausayi, a riƙe hannunsu zama ɗaya, sa'an nan a saki. Abin da bai kamata ba shi ne zaɓin bogi, inda hanyar gabas da ta yamma duk dodo ɗaya suke kaiwa. Zaɓi ba ya zama zaɓi sai an san wani abu game da kowace hanya, an kuma yi asarar wani abu da barin ɗaya. In aka tafi ceto ɗan maƙeri yau, ayarin da ke tafe gobe ba shi da mai raka shi.

Su wa ke bayan ganuwa?

Akwai tambayar da littafin sansanin bai yi wa kansa ba, ko da yake shi ya haifar da ita. A cikin ramukan nan an ƙidaya mata da 'ya'yan dodannin tare da mayaƙansu. Tun daga lokacin 'yan wasa suke tsayawa cirko-cirko bayan an gama faɗa, suna gardamar abin da za a yi da su. Siffar yankin kanta ce ta kawo haka: ga masu doka a cikin ganuwa, ga waɗanda aka ce mugunta a jininsu take a waje, ga dukiyarsu halal ga duk wanda ya iya ƙwata. Masu suka sun nuna kamar da ke tsakanin wannan da labaran Amurkawa na mamaye yammacin ƙasarsu, kuma duk wanda ƙasarsa ta ɗanɗana mulkin mallaka ya san yadda ake kiran mutane da sunan da zai halatta cin ƙasarsu. Kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya sayi wasan a 1997, ya sanar a 2020 cewa zai daina nuna wasu jinsuna a matsayin miyagu tun daga haihuwa.

Gyaran ba a canja suna kawai yake ba, a taswira yake. Idan mazauna kwazazzabo suna da dalilin zamansu a can, fari ne ya koro su, ko sansanin ne aka gina a kan mashayarsu, to yawan shawarar da ke gaban 'yan wasa ya ninka, domin yanzu ana iya yin sulhu, ana iya cin amana, ana iya sauya ɓangare. Ta nan adalci da kyan wasa suka haɗu a wuri guda.

Ba kuma dole ne mazaunin farko ya zama sansanin yaƙi ba. Wanda zai gudanar da wasan da Hausa yana da wani abin koyi a tarihin fatauci, watau zango a kan hanyar fataken goro daga Kano zuwa Gwanja. Zango wurin baƙi ne tun asali, ba mai tambayar dalilin zuwan kowa. Akwai mai masauki da ke ajiye kaya yana haɗa ciniki, akwai madugu da jagaba da uban dawaki, kowane da abin da ya sani game da hanya da abin da yake ɓoyewa. Akwai sarkin ƙasar da ke jiran kuɗin wucewa, da masu fito a bakin kogi, da mutanen tudu waɗanda hanyar ta ratsa gonakinsu. Ayari yana shigowa da labari daga gabas, wani daga yamma, kuma ba lalle su zo daidai ba. Lokaci ma yana matsawa da kansa, domin goro ba ya jira, damina kuma in ta sauka kogi ya cika. Jagora zai iya buɗe zaman farko da yammacin ranar da ayari ya sauka da jakuna uku babu masu su, madugu ya ce da asuba za a tashi ko an gan su ko ba a gan su ba, mai masauki kuwa ya rantse bai taɓa ganin kayan da ke kan jakunan ba.